Gidan Su Tête

Wata magana ce ke yawo a Damagaram tsakanin tsofaffin malaman lakwal, wato makarantar boko, irinmu da muka ajiye alli muka ɗauki carbi. Wai kalmar nan ta Faransanci, tête, wato kai, 'yar sarauta ce, daga sunan kambin sarakunan Rum ta fito. Wai shi ya sa kan da ya sha Faransanci tun yana ɗanye ba ya yoyo ko ya kai shekara ɗari. Malam Nomau, tsohon sufeton makarantu, shi ya kawo mini ita har gida ranar da ya zo barkar haihuwa. Na tambaye shi a wane littafi ya gani. Ya ce ai kowa ya sani. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, kuma duk ƙaryar da na taɓa kamawa, cikin wannan rigar na kama ta.

Ba zancen kambin ne ya tsaya mini a rai ba, zancen yoyon ne. Jikata Rahamu ce ta haifi mace, ta zo gidana wankan jego. Mijinta Mutari, yaron kirki, ya yi wa jinjirar kiran salla a kunne, ya ce suna kuma yana hannuna. Na ce Gwaggo za a mayar. Kowa ya ce madalla. Sai Mutari ya tambayi sunan Gwaggo na yanka, don ya gaya wa liman. Na buɗe baki, ban tarar da komai a ciki ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, maginiyar tukwane a Mirya. Ita ta riƙe ni da iyayena suka rasu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu yara Gwaggo muke ce mata. Mutanen gari suna cewa Mai Tulu. Mijinta "ke" yake kiranta, in ransa ya yi fari ya ce "ke ɗin nan". Sunanta na gaskiya kuwa an yi ta girmama shi har ya ɓace. Sau ɗaya tak na ji shi, ina shekara bakwai, ranar da ta kai ni lakwal akawu ya tambaye ta, ta faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai amsa laifi. Duk wanda ya isa ya kira sunan nan ya riga mu gidan gaskiya. In ban tuna ba kafin safiyar suna, dangin Mutari na da nasu a ajiye, Gwaggo kuma ta tashi ba takwara a bayan ƙasa har abada.

Jiya ne kwana na shida. Bayan azahar na ce tunda babbar magana ta gagare ni, bari in kashe ƙaramar, gani ya kori ji. Na sauko da tsohon ƙamusuna mai nauyin turmi, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na ɗora shi a ƙirji don in huta kafin in buɗe. A nan, da rana tsaka, na yi mafarkin da zan faɗa.

Na gan ni tsaye a kan hanya, jinjirar goye a bayana. Ban yi tafiya ba, hanyar ce ta yi ta wucewa ƙarƙashin ƙafafuna har ta kawo mini ƙofar wani gari. Wani zabo ne ke tsaron ƙofar, sanye da rigar kaki wadda aka ɗinka wa aljihu ta ciki don kada kowa ya sa masa komai. Ya tambayi takarduna. Na ce ba ni da ko ɗaya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce masu takardu ake mayarwa, tunda su sun riga sun san ko su wane ne, ba su da abin yi a nan. Garin kalmomi ne, in ji shi, kowace kalma tana zaune a gidan iyayenta.

Sai ya zagaya ya leƙa bayana, ya tambayi sunan goyon. Na ce shi na zo nema, shi da gidan su tête. Ya karkata kai ya dubi rana da ido ɗaya, yadda zabi ke yi. Ya ce a garin nan abin da ba shi da suna ana yi masa haƙuri har rana ta taɓa ƙasa. Bayan nan duk abin da ya fi kusa da shi, sunansa zai ci. Ko shekaranjiya an sami wani yaro da ya tashi da suna Baro, kuma yana nan lafiya, sai dai in an kira shi sai an tura shi.

"Tsohuwa," in ji jinjirar daga bayana, "ki ɗaga ƙafa. Akwai wani bokiti da yake ta kallona."

Na waiga. Bokitin roba ne shuɗi, mai tsagaggen baki, yana biye da mu nesa-nesa, yana yi kamar ba mu yake bi ba.

Cikin garin, mutane na zaune a rana, inuwa kuma ta taru a gefe guda tana shan iska. Wanda ya gaji da tunani sai ya sauke kansa ya ajiye a kan gammo kusa da shi, ya ci gaba da hira da hannu. Na tambayi wata mata hanyar fadar masu kai. Na ce in akwai kambi, can zan gan shi. Ta nuna mini da haɓa, haɓar tana ƙasa kusa da ƙafarta.

Fadar ofis ce. Tebur ya cika ɗakin har sai da na bi ta ƙarƙashinsa. A kan kujera akwai wani ƙaton kai, mai saje da tabarau, ba wuya, ba kafaɗa, ba komai. Ya ce sunansa Chef, kuma in zauna, amma babu kujera sai tasa. Na gaishe shi, na ce tête nake nema, an ce mini 'yar gidan sarauta ce.

Sajensa ya kwanta. Ya ce shi ne kai na asali, ɗan Caput, wanda shi ne kai a bakin Rumawa. Shekaru ɗaruruwa, in Bafaranshe zai ce kansa na ciwo, shi Chef ake kira. Sai wata yarinya daga bakin kasuwa, ita tête ɗin, ta fara zuwa, yau a kira ta da wasa, gobe a kira ta da zagi, jibi a kira ta don an saba. Wata safiya ya farka ya tarar ta zauna a kan wuya. Shi kuma aka lallashe shi da muƙamai: shugaban wannan, shugaban wancan, har shugaban masu dafa abinci.

"Aka bar ni da shugabanci," ya ce, "aka ƙwace mini wuya. Kin taɓa ƙoƙarin gyaɗa kai ba wuya, Malama? Shi ya sa ba na amincewa da komai."

Na tambayi kambin, da kuma sunan Gwaggo. Ya ce shi da yake ɗan gida ma bai taɓa ganin kambi ba, balle ita. In ina son ganinta in gangara inda hayaƙi ke tashi. Zancen sunan Gwaggo kuwa ba sashensa ba ne, in je ma'ajiyar takardu. Ya sa na rubuta wa kaina takardar izini, na buga mata hatimi da hannuna, sannan ya yaba wa kansa saurin aiki.

Ma'ajiyar takardu suri ce, tsayinta ya kai hasumiya. Gara ce ke aiki a ciki, kowace da alƙalami a bayan kunne. Babbarsu ta karɓe ni da mutunci, ta karɓi takardar izinin ta cinye, ta ce yanzu ta shiga ajiya. Na gaya mata shekarar da aka sa ni lakwal, da babban littafin da akawu ya rubuta sunan mai riƙona a ciki. Ta ce suna da shi, sun adana shi gaba ɗaya a wata damina da rufin ɗakin ajiya ya zube. Abin da ke kan takarda, in ji ta, kowa na iya sacewa, amma abin da ya shiga ciki sai mai cikin.

Aka yi ta kira layi-layi, ana neman wadda ta adana shafina. Can aka dawo da labari cewa ta fita shan iska wata kaza ta tsince ta. Kazar kuma an yanka ta an yi wa wani sufeton makarantu miya da ya zo rangadi. Babbar ta ce in na san shi, in je in tambaye shi, sunan yana jikinsa. Na ce na san shi sarai, kuma na san amsar da zai ba ni.

Wata tsohuwar gara da ke kusurwa, wadda ta ɗanɗani gefen shafin, ta ce ba ta riƙe haruffan ba, amma ta riƙe ɗanɗanon. Sunan yana da ƙaurin hayaƙi.

Da na fito, rana ta sauko har tana shafar kan dabino. Bokitin ya sami abokan tafiya, wani takalmi wari ɗaya da wata tsintsiya. Jinjirar ta ce in dai ya zama dole, ta fi son tsintsiyar, amma ba da son ranta ba. Na ce ta yi mini shiru, mai kwana shida ba ya sa baki a maganar manya. Ta ce ai da manyan sun riƙe abin da aka ba su ajiya, da tana barcinta.

Hayaƙin ba sama yake tashi ba, ƙasa-ƙasa yake bi kamar ruwa a kwata, don haka na bi shi da sauƙi. Ya kai ni wata unguwa mai jar ƙasa, ko'ina ramuka da tulin ƙaiƙayi. Tun kafin in ga komai hancina ya gane wurin. Mutane sun yi layi, kowa da kansa a hammata, sun kawo gyara. Na ƙarshe ake fara dubawa, saboda haka kowa na ta ja da baya yana cewa bismilla. Ni da na zo yanzu, ni aka kira.

Wata tsohuwa ce ke dubawa, ja wur, mai faɗin ciki da gajeren wuya, fatarta duk tabon wuta. Ta ɗora wata 'yar hula mai tsini a tsakiyar ka, irin wadda ake rubutawa a kan ê. Ta ce ita ce Tête. Hausarta irin ta Damagaram ce tsantsa. Da na nuna mamaki, ta ce Faransanci na wurin aiki ne, a gida kowa yaren laka yake yi.

Na gaya mata abin da ake faɗa a kanta. Ta yi dariya, dariyar ta yi amo kamar an yi magana cikin randa. Ta ce uwarta Testa, a Rum ta zauna, kuma ba ta taɓa taka ƙofar fada ba sai in an aika a kawo ruwa. Duk abin da aka gina da yumɓu aka toya, shi ne ita: tukunya, kasko, har tsingaron da ya rage in an fasa su. Daga nan mutane suka dubi ƙashin kansu suka ga ai kasko ne a kife, suka fara kiransa da sunan.

"Ku ma ai kuna cewa ƙoƙon kai," ta ce. "Ku mutanen duma ne, su mutanen yumɓu. Ba wanda ya taɓa duban kansa da kyau ya ga sarauta."

Na ce na taɓa jin wai sojoji ne suka fara wannan wasa. Ta ce ita yarinya ce lokacin, ba za ta rantse ba, kowa dai yana son a ce kakansa ne ya fara ba'a. Hular kuma, ta ce, ta haƙorin da ya faɗi mata a hanya ce, wani harafin s da ke tsakiyar bakinta, ta sa hular ne don kada a manta wurin giɓin.

Ba ta nemi izini ba ta sa hannu biyu ta sauke mini kai, ta ɗora a cinyarta. Ban ji zafi ba, sai ma wuyana da ya sha iska. Ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ta kasa kunne, yadda mai saye ke yi wa tulu a kasuwa. Ta juya ta sake ƙwanƙwasawa. Ina kallon kaina daga cinyarta, na ga duk jikinsa ya yi raɓa, ɗigo-ɗigo. Cikin wani ɗigo na hango sunayen kogunan Faransa da muka haddace da bulala. Cikin wani na hango inda na ajiye makullin akwati bara.

Na tambaye ta ko ya fashe ne. Ta ce babu tsaga ko ɗaya, amonsa garau. Tsattsafowa yake yi, kuma aikinsa ke nan. Tulun da ba ya gumi ba ya sanyaya ruwa. In ina son abin da ba ya zubar da ko ɗigo, in nemi duro na ƙarfe, sai dai in gaya mata wa ke marmarin ruwan duro a watan bazara. Na ce to, na yarda, amma akwai ɗigo ɗaya da nake bukata kafin rana ta taɓa ƙasa. Ta ce wanda ya fita ya fita.

Sai ta kife kan ta dubi gindinsa, ta tsaya. Ta ce akwai shatin babban yatsa a nan, kuma ta san hannun. Ta mayar mini da kaina, ya ɗan karkace hagu, ta ce in bi bayan wancan tulin ƙaiƙayi, ita tana tafe, ƙafafunta ba na sauri ba ne.

Gwaggo na zaune a kan buzu, ta miƙe ƙafa, tana dakan tsingaro a kan dutse. Zanenta na saƙi ne, wanda na sani, mai ƙonewa a gefe. Ta rasu tana da shekara sittin da 'yan kai, ni kuma yanzu ina da saba'in da biyar, ke nan na girme ta. Duk da haka na durƙusa har ƙasa.

"Barira," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake yi, tun ina yarinya in na yi ƙarya kunnena na hagu ke motsi. Ta tura mini wani dutse da tulin tsingaro ta ce hannu ba ya zama banza a nan.

Muna daka, sai katangar makarantar kwana ta 'yan mata ta taso daga ƙasa ta tsaya kusa da mu, don a yi maganarta. Kowace Alhamis Gwaggo kan taso daga Mirya tun da asuba, da tuluna a ɗaure a ka, ta taka har kasuwar Damagaram. Kafin ta shiga kasuwa sai ta biyo ta bayan katangar nan ta miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino. Kowace bazara kuma takan bar sabon tulu a ƙofar ɗakin kwananmu. Duk makarantar daga shi ake sha, har da shugabar, Bafaranshiya mai firji, wadda kan aiko a ɗebo mata a ɓoye. Wata rana 'yan ajinmu, 'ya'yan ma'aikata masu takalman fata, suka tambaye ni wace ce matar nan mai ƙafa duk toka. Na ce wata mai tulu ce.

Shekara sittin da 'yan kai maganar nan na kwance a ƙasan cikina. Na faɗa mata ita, ina kallon dutse.

"Na ji ki ai," ta ce. "Ina bayan katangar, ina gyara gammo."

Ta ci gaba da daka, tana magana.

"To me kika faɗa da ba gaskiya ba? Mai tulu ce ni. Da kin ce matar gwamna ce da na shigo na ja kunnen nan mai motsi. Daka da kyau, kina barin manya-manya."

Na ɗauko godiya tun daga ƙasa, na kawo ta har maƙogwaro, sai ta katse ni da tambayar ko har yanzu ina sha daga bakin tulu ba moɗa. Na sake ɗaukowa, ta aike ni in juya mata tukwanen da ke shanya. Haka take tun dā, godiya a wurinta kamar ƙuda ce, da hannu take korarta.

Rana ta rage taƙi ɗaya. Bokitin ya zo ya zauna daf da ni, har ina jin sanyin robarsa. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance goyon na nuna mata, na ce 'yar jikata ce, gobe suna, ita nake so a mayar, kuma sunan ya zube mini. Na roƙe ta ta faɗa mini.

Ta ajiye dutsen. Ta dube ni yadda take duban tukunyar da ta fito daga wuta a karkace.

"Lakwal ɗin da na kai ki, abin da ta koya miki ke nan? Ki tsare babba ki ce ya faɗi sunansa?"

Na ce ai ta faɗa wa akawu. Ta ce akawu hukuma ne, kuma kwana uku ta yi ba ta ji daɗin bakinta ba. Na miƙa mata alli na ce to ta rubuta. Ta ce da ta iya rubutu da wa zai taka zuwa Damagaram saboda ni. Na juya ga sauran magina da ke wurin, kowa ya sunkuyar da kai, wanda nasa ke ƙasa ya kife shi. Duk ƙannenta ne a sana'a, suka ce su Mai Tulu suka sani.

Gwaggo kuwa ta karɓi jinjirar, ta shafa maɗigarta da babban yatsa, a hankali. Ta ce ɗanyen gini ne, bai ko sha iska ba. Ta ce sabon yumɓu zalla ba ya jure wuta, sai an daka tsohon tsingaro an cuɗa a ciki, shi da ya riga ya san wuta. Jinjirar, wadda tun safe bakinta bai huta ba, ta yi lamo.

Gefen rana ya fara shafar ƙasa, ƙurar wurin tana ƙauri. Sai ga Tête ta ɓullo daga bayan tulin ƙaiƙayi, tana rangaji, tana haki, ranta a ɓace. Ashe hayaƙin ramin Gwaggo ne ya bi ƙasa ya shige mata ɗaki. Tun daga nesa ta ɗaga murya ta kira Gwaggo da sunanta na yanka, gaba ɗayansa, yadda ake kiran yarinyar da ta bar tuwo ya kama, ta ce sau nawa za ta gaya mata ta riƙa rufe ramin ta gabas.

Gwaggo ta yi zumbur ta rusuna. "Na'am, Iya. Yanzu zan rufe."

Duk muka zuba wa Tête ido. Tête ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce mene ne abin kallo. Shekararta wajen dubu biyu a sana'ar nan, tun ana toya uwarta a Rum. In ita ba ta kira yarinyar nan da sunanta ba, wa ya isa ya kira?

Na ji sunan. Shi ne. Da jinsa sai ga teburin akawu, da ƙamshin tawada, da hannun Gwaggo mai kaushi riƙe da nawa, tana matsawa kamar ni ce zan gudu alhali ita ce ke son gudu. Bokitin ya tashi ya kama gabansa, tsintsiyar ta bi shi tana share sawunsu.

Gwaggo ta ɗaura mini goyon da kanta, ta ja zanen ta ɗaure tam. Ba ta kalle ni ba, kunya ta hana ta. Ta ce tunda na ji, na ji, amma kada in sa shi a ka, na ga dai halin kan. In guntse shi a baki kamar ruwa, kada in buɗe sai na isa gida.

Na guntse. Yana da ɗumi, da ƙaurin hayaƙi kaɗan. Sai a lokacin na ga abin da ta yi mini. Godiyar da na ɗauko tun ɗazu tana nan a maƙogwaro, sunan yana baki, kuma ƙofa ɗaya ce. In na ce na gode, ya zube. Na tsaya a gabanta, kumatu a cike, tsohuwa mai shekara saba'in da biyar, hawaye na bin inda ya ga dama. Na sake durƙusawa na kama ƙafarta mai toka da hannu biyu.

Ta bar ni na ɗan jima. Sannan ta sa yatsa ta daidaita mini kan da Tête ta mayar a karkace.

"Na ji," ta ce. "Tashi, kada ki danne yarinyar mutane."

Wani ƙara ya keto unguwar, ƙiiii, kamar ana jan sama a kan dutse. Na buɗe ido. Maƙwabta ne ke jan babbar tukunyar ƙarfe a kan siminti, wadda aka aro don girkin suna. Inuwar darbejiya ta gusa ta bar ni a rana, ƙamus na nan a ƙirjina. Wata ta ce sannu Malama, kin sha barci. Ban amsa ba. Na tashi, baki a rufe, na wuce su, suna ta kallona, na shiga ɗakin Rahamu. Na nuna mata takarda da alƙalami. Sai da ta riƙe su sannan na buɗe baki. Na sa ta rubuta sau biyu, ta kira Mutari a waya ta karanta masa ina ji.

Bayan la'asar na ba ta ƙamus na ce ta nemo mini kalmar, idonta ya fi nawa. Ta karanta, jinjirar na barci a cinyarta.

Tête daga testa ta fito, kalmar Latin, ma'anarta abin da aka gina da yumɓu aka toya, tukunya ko tsingaronta. Daga baya aka kira ƙoƙon kai da ita, sannan kan gaba ɗaya. Babu kambi a ciki.

Yau da hantsi liman ya raɗa suna. Hamsatu.